Shekarar da na shuka dawar jirgi

A shekarar fari babba na sa aka daka irin gerona muka ci, na shuka dawar da jirgin sama ya kawo. Ba wanda ya tilasta ni. Da hankalina na yi.

Ƙauyenmu yana kusa da Gidan Sori. Damina biyu a jere ba mu cika rumbu ba, a ta uku ko kara ba mu samu ba. Shanuna huɗu suka mutu. Abin da ya rage mini dami biyu ne na iri, zangarniyar da na zaɓa da hannuna, irin da ubana ya gada wajen ubansa. A wajenmu ana sayar da akuya, ana sayar da gadon kwana, amma ba a taɓa iri. Matata ta rataye shi a ɗakinta, ta ci gaba da dafa mana ganyen jiga da anza.

Taubashina, ɗan ƙanwar babana, shi ya ja ni Maradi. Ya ce ana ɗaukar ƴan dako a filin jirgi.

Jirgin ba na mutane ba ne. Cikinsa ba kujera ko ɗaya, kamar rumbun ƙarfe a kwance, kuma ta wutsiya yake buɗewa. Yana zuwa daga bakin teku da buhunan jar dawa ta taimako. Mu sauke, wasu a loda a kamiyo, wato babbar motar kaya, wasu a sa cikin wani ƙaramin jirgi ya kai arewa, inda mota ba ta isa da wuri. Kowane buhu sai an auna shi. Wani shef, shugaban aikin, ke nuna mana inda za mu aje, gaba kaza, baya kaza, sannan a ɗaure da raga. Ya ce in nauyi ya rinjayi gefe guda jirgin ba zai tashi daidai ba. Na ce masa wannan ko jakina ya sani. Bai yi dariya ba.

Abin da ya zube a cikin jirgi namu ne, mu share mu raba. A wata biyu na tara rabin buhu. Ƙwayar manya-manya ce, ja, sumul. Sai na zauna na yi tunani, abin da ban saba yi ba. Na ce mutanen da suka noma, suka ci suka ƙoshi, har suka cika jirgi suka aiko, ai irinsu ya fi namu. Akwai rubutu a jikin buhun. Ban iya karatu ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Taubashina ya ce, “Kai, ƙaton banza, dawa ce fa. Gonarka jigawa ce. Yaushe ka ga dawa ta yi a rairayi?”

Na ce, “Taku ce ba ta yi. Wannan ta jirgi ce.”

“To ka haɗa da jirgin ka shuka, ko taya ta tsiro maka.”

Da na koma gida na ce wa matata ta sauko da iri ta daka wa yara. Ta tsaya tana dubana.

“Malam, irin Baba ne fa.”

“Na kawo wanda ya fi shi.”

“Mu ci na jirgin mu bar wannan. Cikin yara bai san bambanci ba.”

Na ce ni ne maigida. Ta sauko da shi. Kwana tara muna shan fura. Gaskiya furar ta yi daɗi.

Ruwa ya sauka, kuma a shekarar ya sauka sosai. Na shuka gonata duka. Geron maƙwabta ya fito a kwana huɗu. Tawa kuwa, a rami goma sai ɗaya ya tsiro. Na ce baƙuwa ce, tana jin kunya, na ba ta kwana ashirin. Wadda ta fito ma ganyenta ya yi ja, ta ƙi tashi.

Sai na tafi wajen surukina neman iri. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Tsohon ya riga ya ji labari, duk ƙauyen sun ji. Ya ce, “Jirgin bai kawo gero ba ne?” Ya ba ni tiya ɗaya, ragowar nasa. Na shuka a makare, ruwa ya ɗauke geron bai gama nuna ba. Dami shida na samu. Maƙwabcina ya ɗaure sittin a gonar da ba ta kai tawa ba.

Dami shida ba ya kai iyali rani. Kafin wata damina na sayar da gonar. Irin ubana kuma ya ƙare daga gidanmu, domin ƙanena ya riga ni cinye nasa, amma shi yunwa ce ta sa shi.

Yanzu ina Gidan Rumji, ina awon hatsi a kasuwa, a rumfar wani. Bayana ya daina ɗaukar buhu. In baƙo ya tambaye ni wane iri zai saya, sai in nuna masa rumfar gaba.