Sojoji Goma Sha Tara a Kan Teburin Tela

Shekara ashirin da biyu Tela ya yi a soja. In ka cire harsashi goma da ya harba a filin horo, waɗanda shi kansa ya ce bai san inda suka nufa ba, bai ƙara taɓa kunamar bindiga ba. Keken ɗinki aka ba shi. Tun ranar da wani hafsa ya ga yadda ya ɗinke aljihun wandonsa, aka zare shi daga layi aka kai shi wani ɗaki a bayan sito, mai taga ɗaya da warin sabon kaki. Kayan soja girma uku suke zuwa, babba da matsakaici da ƙarami, su kuwa mutane ba haka Allah ya yi su ba. Aikin Tela shi ne ya sasanta tsakani: ya rage ƙugu, ya ƙara hannu, ya ɗage ƙafar wando.

Da yaƙi ya ɓarke, rukuni-rukuni suka riƙa bi ta ɗakin nan kafin a kwashe su. Akwai wasu mutum goma sha tara da ya yi wa gyara cikin kwana biyu, aka tura su tsare wata gada. Kwana goma sha shida suka yi a can. Shida suka dawo. Yau saura biyu a raye: Sajan, wanda ya jagorance su, da Direba, wanda ya tuƙa su.

Bayan ya ajiye aiki, Tela ya kama shago tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran agogo, ya yi ta ɗinka kayan makaranta har ya aurar da 'ya'ya huɗu. Da bayansa ya fara ƙorafi ya bar wa autarsa shagon, ya kwaso tsohon teburin yankan yadi ya kawo gida.

Asabar ɗin farko ta kowane wata yakan je taron ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ba ya fashi. Sajan ne shugaba, kuma da ya hango shi a bakin ƙofa sai ya ɗaga sanda.

“A ba jarumi hanya! Ga wanda allura ta soka a yatsa saboda ƙasarsa.”

A yi dariya, Tela ma ya taya su. Sai dai in ya koma gida, matarsa takan ga ya ture kwano bai ci rabi ba. Shekara da shekaru yana zama cikinsu, amma da an fara labarin gada sai ya zama baƙo.

Wata rana aka kawo maganar ajiye wani abin tunawa da mutanen gada a ɗakin taron. Wani ya ce allo mai sunaye, wani ya ce hoto, sai dai babu hoton. Tela ya taɓa raka jikokinsa gidan tarihi, ya ga an gina filin daga cikin akwatin gilashi da 'yan mutum-mutumi. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

“Zan yi su,” in ji shi. “Duka goma sha taran, da gadar.”

Sajan ya ƙare masa kallo. “Kai da ba ka je ba?”

“Ni na auna su, ranka ya daɗe.”

“To, yi ka kira mu. In ya yi mu sa a nan. In bai yi ba ka ba jikoki su yi wasa.”

Wata goma sha ɗaya ya ɗauka. Fuskokinsu ba su zauna masa sosai ba, don a tsugune ya san su, bakinsa cike da fil. Amma awo, ko daga barci aka tashe shi zai kawo. Sai ya raba kowane awo gida goma: mai tsawon inci saba'in ya dawo inci bakwai. Ya lanƙwasa waya ya yi ƙashi, ya kwaɓa garin katako da gam ya yi tsoka, ya goge da samfefa, takardar nan mai kaushi ta kafintoci. Launin fata kuwa sai da ya haɗa fenti kala biyar a murfin gwangwani kafin ya samu, ido kuma da tsinin allura yake ɗiga shi, yana riƙe numfashi. Sannan ya zo ga abin da ya fi iyawa. Ya tsefe tsohon kakinsa mai laushi, ya yanka wa kowa riga da wando, da kwala da aljihu mai murfi. Kan fil ya zama maɓalli. Karin wando da bakin wuƙa yake fitar da shi, bayan ya ɗora ta a wuta.

Matarsa ta sha fama. Rariyarta ta tafi tankaɗen yashi, hantsakinta ya ɓata, ƙaramin cokalinta ya zama na kwaɓa gam.

“Baban Auta, in an gama yaƙin ina son rariyata.”

“Saura kaɗan.”

“Haka ka ce kafin ka cinye mini tsintsiya.”

“Ai ciyawar bakin kogi ce yanzu. Zo ki ga yadda ta yi kyau.”

Ta leƙa, ta taɓe baki. “Ta yi kyau. Da ita nake shara dai.”

Ran da ya kira Sajan da Direba, da hantsi suka zo. Direba, mutum mai tumbi da yawan dariya, tun daga ƙofar ɗakin ya fara ihu.

“Kai! Wallahi ga Gajere! Dubi yadda ƙeyarsa ta fito. Ga Dogo can, hannu kamar zai ciro ƙwan fitila. To wannan mai siririn cikin fa?”

“Kai ne,” in ji Tela. “Ƙugu ashirin da takwas.”

“Ni? Yaya, zo ki shaida, na taɓa zama mutum!” Direba ya ƙwala wa matar Tela kira.

Sajan ya dogara sandarsa ya zagaya teburin a hankali, ya dubi gadar, ya dubi buhunan yashi, ya sunkuya ya daɗe a kan mutanen. Da ya ɗago, babu wasa a fuskarsa.

“Wannan wane fareti ne?”

“Gadar ce, ranka ya daɗe.”

“Wa ya yi musu guga? Kwana goma sha shida ana ruwa a kanmu, muna kwana cikin taɓo, kai ka fitar mana da karin wando? Ka yi mu yadda muka fita daga ɗakinka. Abin da ka sani ke nan, ba laifinka ba ne.” Ya juya. “Ɗinki ya yi kyau. Ba za a sa ba.”

Direba ya so ya sa baki, Sajan ya riga ya kai tsakar gida.

Tela ya ɗauko wani tsohon zanen gado ya lulluɓe teburin. Kwana tara bai shiga ɗakin ba. A na goma matarsa ta same shi ya buɗe, da reza a hannu, ya ɗora ta a gwiwar wandon Gajere ya kasa ja.

“Yanka mana,” ta ce.

“Shekara hamsin ina rufe ɓaraka. Yau in buɗe da hannuna?” Ya ajiye rezar. “Kuma ko na yanka, ina na sani ko gwiwar dama ce ko ta hagu? In yi ta yage-yage da ka, ƙarya ce.”

“To ka je ka tambaya. Bakinka ciwo yake?”

“Su sake yi mini dariya?”

“Yau aka fara? Aƙalla wannan karon ka dawo da wani abu.”

Sai ya ɗauki fensir da takarda ya nufi garejin da Direba yake zuwa hira. Ya zaci za a yi minti goma. Sai da suka yi sati uku. A kan benci, cikin ƙarar guduma da warin baƙin mai, Direba ya riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya. Gajere gwiwa biyu duka na wandonsa suka yage, don da rarrafe yake zuwa ɗebo ruwa. Wane ya yar da hularsa tun rana ta biyu, ya ɗaura tawul. Wane kuma tafin takalminsa ya ɓalle, ya ɗaure da wayar tarho. Wani lokaci Direba ya yi dariya har da hawaye, wani lokaci hawayen su zo ba dariyar, ya ce hayaƙin injin ne.

Tela ya dawo ya fara ɓata aikinsa. Yankan farko ne mai wuya. Ya jiƙa kakin da ruwan shayi mai duhu, ya cinye gwiwoyi da samfefa, ya kwaɓa ƙasa da gam ya shafa har cinya, ya zizara fenti mai duhu a ƙarƙashin idanu. Mutum goma sha bakwai suka koma yadda aka faɗa masa. Biyu suka rage tas da karinsu: Sajan da Dogo. Duk lokacin da ya tambaya, Direba sai ya kau da kai.

“Waɗannan ka tambaye shi da kansa. Ni mota na tuƙa.”

Ya naɗe su a auduga cikin kwalin takalmi, ya tafi. Sajan yana zaune a baranda, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan kujera.

“Jarumi. Me ya kawo ka?”

“Gyara na kawo, ranka ya daɗe.” Ya buɗe kwalin ya tsayar da su biyun a kan tebur. “Sauran Direba ya faɗa mini. Waɗannan ya ce sai kai.”

“Shafa musu taɓo kawai. Taɓo duk ɗaya ne.”

Tela ya zauna, ko da yake ba a ce ya zauna ba. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

“Ka ce na san ku ne kawai yadda kuka fita. Ba haka ba ne. Da kuka dawo aka ba ku sababbin kaya, tsofaffin ina kake jin aka kai? Ɗakina. A buhu. Ni na zazzage, ni na ware na ƙonawa. Ban ga mutane a ciki ba, amma na ga kayan, na kuma ji warinsu. Shi ya sa da na zo yin waɗannan na so in mayar musu da kayansu lafiya lau, ko sau ɗaya.”

Sajan ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

“Rigar da ka mayar,” Tela ya ci gaba, “an rubuta lambarka a takardar da aka maƙala mata. Amma akwai ƙarin inci uku a kowane hannu. Ɗinkina ne. Mutum ɗaya na yi wa wannan ƙarin a duk barikin.”

Wata mota ta wuce a titi.

“Wa ka faɗa wa?”

“Ba kowa. Ko matata.”

“Shekara arba'in kana zaune da wannan, ina yi maka tsiya a gaban mutane?”

“Ai ba a tambaye ni ba.”

Sajan ya ɗauki ɗan mutum-mutumin Dogo.

“Rana ta huɗu aka same shi a cinya. Na cire rigata na yayyaga na ɗaure, jinin ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar ya cika. Ruwa na zuba, ni kuma daga ni sai singileti, haƙorana na haɗuwa.” Ya dubi ɗan mutum-mutumin. “Na tuɓe masa riga na sa. Da ɗuminsa a jiki. Haka muka rufe shi. Da na je gaida tsohuwarsa ta tambaye ni, na ce da cikakken kakinsa aka sa shi, kamar hafsa.”

“Allah ya jiƙansa,” in ji Tela. “Ita ma Allah ya jiƙanta.” Ya nuna mutum-mutumin biyu. “Zan iya shafa taɓon kawai, yadda ka ce. Babu wanda zai sani.”

“Ni na ce maka fareti ka yi. Sai kuma in sa ka yi mini nawa faretin?” Ya ajiye Dogo a kwance a kan teburin, ya gyara masa ƙafa da ɗan yatsa. “Bayan buhunan yashi na hagu, nan za ka kwantar da shi. Tsumman rigata a cinyar dama. Ni kuma ka sa mini tasa.”

“A gaban kowa?”

“A gaban kowa. Asabar mai zuwa Direba zai nemo mota a ɗauko. Kuma kai za ka tsaya ka yi wa mutane bayani, ni ban san awon kowa ba.”

Tela ya laluba aljihu ya ciro hantsaki da ɗan almakashi, ya gyara zaman tabarau, ya fara warware ɗinkin gefen 'yar rigar Dogo a hankali. Sajan ya sauke ƙafarsa daga kujera ya matso, har kawunansu suka kusa haɗuwa.

“Hannun zai yi maka tsawo,” in ji Tela.

“Ai naɗewa nake. Sau uku.”

“Duka biyun?”

Sajan ya dubi hannuwansa, ya yi tunani.

“Na dama uku. Na hagu huɗu, don in ga agogo.”