Fitilar da Ta Ƙona Mini Ido a Tsaskiya

Salamu alaikum. Tun bayan sallar layya kuka daina ganina a nan. Wasu sun ce na bar harkar fim, wasu sun ce fushi nake. Ido ne ya kwantar da ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sada, aikina haska wurin ɗaukar fim.

Mun je wani ƙauye kusa da Tsaskiya ɗaukar fitowar da makiyaya ke hira a bakin wuta. Mai unguwa ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce, "Kun san halin da yankin nan yake ciki. Babbar wuta da dare, mutane za su ɗauka ɓarayin daji sun shigo ne. Ku hura 'yar ƙarama, ku gama kafin a kwanta."

Ƙaramar wuta ba ta haska fuska a kyamara. Sai na ajiye babbar fitilarmu a ƙasa bayan itacen wutar, na kwanta a gefenta ina kaɗa faifai a gabanta don hasken ya riƙa rawa kamar harshen wuta. Darakta yana ta cewa, "Haka, Sada! Kar ka motsa!"

Ban motsa ba.

Kafin asuba na farka kamar an cika mini ido da yashi. Hawaye kawai, na kasa buɗewa.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne Lawwali, abokin aikina da ya daɗe yana son a ba shi haskawa. Shi ya miƙo mini ruwan wanke fuska da muka tashi daga aiki. Na yi ta juya wannan a raina. Wani kuma ya raɗa mini cewa filin da muka yi aiki wurin tsafin mutanen da ne. Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba.

Don haka ban je asibiti ba. A gida aka ɗiga mini ruwan sukari, aka yi hayaƙi, aka sayo wani ɗigo a kemis. Na dama ya lafa. Na hagu ya yi fari a tsakiya.

Matata Habi ce ta gaji. Ta ce, "Baban Nana, ko sammu ne, ai likita bai hana addu'a ba. Tashi mu tafi Katsina."

Likitan ido ya ɗiga mini wani ruwa mai launin ɗorawa, ya haska da shuɗiyar fitila, ya duba.

Ya ce, "Malam, walda kake yi?"

Na ce a'a, na ba shi labarin daren.

"Fitilar tana da gilashinta na gaba?"

Na yi tunani. Babu. Ƙwan a tsirara yake.

Ya ce irin wannan ƙwan, in ba gilashi, yana ƙona ido kamar walda, kuma da zai warke da kansa. Abubuwan da aka ɗiga ne suka mai da shi gyambo. "Idon hagu, ba zan yi maka alkawari ba."

Aka kwantar da ni. Aka kankari ɗan abu daga idon don gwaji. Ɗigo kowace awa, dare da rana, Habi na tashina. Maganin da tsada, sai da geron da muka ajiye ya tafi. Ni da nake rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina sakandare, na kasa ganin layi.

Lawwali ya zo dubiya da lemo. Ya ce, "Yaya Sada, ka bar mu da wahala, duk fuskar da na haska sai ta fito kamar ƙosai." Na yi dariya, amma ban sha lemon ba sai da ya fara sha.

Na tambaye shi gilashin. Ya ce a kan babur ya fashe, a hanya, kuma ya faɗa mini. Ni ban tuna ba. Wataƙila ya faɗa ina tsakiyar jan waya. Wataƙila bai faɗa ba. Har yau ban sani ba, kuma na bar wa Allah.

Alhamdu lillahi, gyambon ya rufe. Akwai tabo, ina gani da hagun kamar ta bayan labule, amma ina gani. Na koma aiki.

Na gode wa Habi, da ma'aikatan ɗakin ido, da duk wanda ya yi mini addu'a bai san abin da ke damuna ba.

'Yan'uwana masu haskawa, ku duba gilashin fitila da hannunku kafin a kunna, kar ku jira a faɗa muku.

Sauran jama'a kuma, in ido ya yi ciwo, likita ya fara ganinsa. Kafin nan kar ka bari kowa ya ɗiga maka komai, ko da wanda ya fi kowa sonka ne.