Rabin manhajar da ya mutu a Zurmi nawa ne, ba na Yaya Sanusi ba

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma akwai maganar da na binne tare da shi. Yau zan tono ta.

Lokacin jihar Zamfara sabuwa ce, an fara shari'a, kowane ofis na son a ce yana da kwamfuta. Mu biyu muna da ɗan shago a Kaura Namoda, aka ba mu aikin manhajar ajiye sakamakon jarrabawa ta wata makaranta a Zurmi. Kayan da muke rubuta manhaja da su na kamfani ɗaya ne, cike da dabarun sauƙi: ka ja nan, ka danna can, aiki ya tashi. Sai dai abin da aka gina da dabarun ba ya aiki sai a kan kwamfuta mai irin wannan tsarin.

Yaya ba ya taɓa su. Layi-layi yake rubuta nasa, yadda kowace na'ura za ta iya karantawa, abin da ya dogara da tsarin kuma ya ware shi gefe guda. Ni ko haushi yake ba ni. Ina tsokanarsa, wai yana ɗinka wa Zurmi riga kamar za a kai ta Makka.

Da ciwo ya kwantar da shi, saura ɓangaren adana maki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bello, wagga na'ura ba ta dawwama. Kar ka bi gajeriyar hanya." Na ce to. Cikin kwana uku na gama aikin ta hanyar dabarun nan, na ce masa na yi yadda yake so.

Bayan rasuwarsa aka kawo wa makarantar kwamfutoci masu wani tsari daban, aka kwashe tsofaffin. Ɓangaren Yaya ya tashi lafiya lau. Nawa ya ƙi, makin ɗalibai ya koma shirme, har wasu suka rasa takardar shaida a shekarar da suke neman shiga makarantar gaba. Hedimasta ya kira ni, ya girgiza kai ya ce aikin marigayi ne, Allah ya gafarta masa. Wallahi bakina ya buɗe, amma amin kawai na ce.

Maganar ta kai har Shinkafi, gidan su Rabi matarsa. Ba ta taɓa tambayata ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Da Yaya zai ga yau, waya a hannun kowa, kowace da nata tsarin, na san murmushi kawai zai yi. Watan jiya na ɗora tsohon ɓangarensa na manhajar a wayata, ya tashi ban canza masa layi ko ɗaya ba. Na zauna ina kallo, kunya ta rufe ni.

Shi ba zan iya neman yafiyarsa ba sai a addu'a. Rabi kuwa tana raye, kuma 'yarta tana karanta mata jarida, shi ya sa na rubuto wannan a jarida. Anti Rabi, aikin mijinki bai taɓa lalacewa ba. Ni ne.