Sunan Angona a Gindin Takarda

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu tattara. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran jikana, angona, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kai da ka yi alkawarin binne ni, ka zame ka bar tsohuwa da ciwon gwiwa.

Masu gaisuwa suna tambayata aikinka. Ga yadda ka faɗa mini kana matsa mini ƙafa: masu gina rumbun bayanai a kwamfuta suna shan wuya wajen fitar da rahoto, sai ka ƙera musu abin aiki. Kan takarda da cikinta da gindinta, kowanne ka mai da shi abu mai zaman kansa da ya san aikinsa. Suna nan shiru, da zarar wani abu ya faru, an sayar da kaya ko ma'aikaci ya makara, sai su zabura su rubuta. Na ce, "Ashe 'yan gulma kake ƙerawa!" Ka yi dariya har tabarau ya faɗi. Ni ma ba ka ƙyale ni ba. Ka haɗa abin awon jinina da wayarka, in ya hau sai ga ka da magani kana faɗa.

Amma na ga abin ƙyama, angona. Masu gaisuwa ba su watse ba, saƙo ya shigo wayarka da ke hannun matarka. Abin da ka ƙera da hannunka ya ga ba ka zo aiki ba, ya rubuto maka gargaɗi. A duk ofishin babu wanda ya tuna ya gaya masa ka mutu. Sai ga manajanku, turare kamar ya faɗa kwalba. Addu'arsa ba ta kai tsawon atishawa ba ya ce, "Kaka, kwamfutarsa fa? Sabon gyaran yana ciki."

Bai san Doguwa, abokiyar aikinka, ta riga ta raɗa mini ba: sun goge sunanka daga gindin rahoton da abin aikinka ke fitarwa, ya sa nasa. Tir!

Na ce, "Ɗan nan, kwamfuta tana ƙarƙashin katifar da nake kai. A mayar da sunan yaro in tashi."

Ya ce sai sun yi taro.

Na ce, "Ku yi ta yi. Gwiwa ta hana ni zuwa ko'ina."

Jiya Doguwa ta kawo takarda. Sun mayar, amma da rubutu ƙanana kamar kwarkwata, marowatan banza. Na kira 'yarka, ta ɗora yatsa tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, can ta ɗago ta ce, "Baba ne!" Sannan na tashi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa rahoton da mala'iku suka rubuta a kanka ya fi naka kyau. Ina miƙa ta'aziyya ga uwarka da matarka da marainiyarka, da Doguwa. Allah Ya ba mu haƙuri. Manaja kuwa, Allah Ya shirye shi, ni na gaji.