Kwat ɗin Baba Direba

Duk wanda ya taso a layin nan ya san Baba Direba, amma kafin ya san fuskarsa kwat ɗinsa ya fara sani. Ruwan toka ne, mai faɗin kafaɗa, mai nauyi kamar bargo. Matasan da ke zama ƙofar mai aski sukan ce in ana rabon girma a unguwa, a fara ba kwat ɗin, sannan a waiwayi mai shi. Baba ba ya fushi. Sai ya kaɗe kafaɗa ya ce, "Ku da rigarku ba ta ganin damina biyu, har kuna da bakin magana?"

Ba rowa ba ce, kada a ɗauki alhakinsa. Bas ya tuƙa tun yana da baƙin gashi har ya sauka da furfura, kuma gidansa ba a taɓa kwana da yunwa ba. Shi dai bai yarda a kwaso kaya a jibge a ɗaki ba. In zai sayi takalmi sai ya je ya duba, ya dawo gida, ya sake komawa, har mai shago ya fara gaishe shi kamar suruki. In ya saya kuwa, to aure ya ɗauru. Takalmin fatarsa an sha canja masa ƙasa. Bel ɗinsa ya ƙara masa huda lokacin da tumbi ya zo, ya kuma ƙara wata ta ɗaya ɓangaren da tumbin ya yi sallama.

Kwat ɗin kuwa shekarar da ya yi aure ya saye shi. Wajensa bai taɓa gazawa ba, shafin ciki ne ke cinyewa, wajen hammata da bakin aljihu, saboda zufa da juya sitiyari. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, ba ta taɓa barin allurar wani ta taɓa shi ba. Ita ke yi masa faci, kuma da ƙyallen abin da ya ƙare a gidan: zanin da ta goya ɗan fari, labulen ɗakin hayarsu na farko, rigar makarantar autarsu. Ɗinkinta manya-manya ne kamar sawun kaza, ga ƙulli a ƙarshen kowane layi kamar ƙwayar wake. Daga waje dattijo tsaf, ya buɗe kwat kuwa sai ka rantse shagon atamfa ne.

"Wannan ɗinki naki ko makaho zai karanta shi," yakan ce.

"Da gangan ne," in ji ta. "Kada wata ta ɗauke ka ta ce tsintuwa ta yi."

Tsufa bai zo wa Mama da sauƙi ba. Ido ya fara tafiya, daga baya tunani ya bi shi. Ta manta sunayen 'ya'yanta. Auta, wadda ta dawo gidan tana kula da su, ta koma "baiwar Allah" a bakinta. Amma duk sanda Baba ya shigo ya zauna bakin gado, sai ta zura hannu cikin kwat ɗin, yatsunta su yi ta yawo, can sai fuskarta ta saki.

"Direba, ka dawo? Ya hanya?"

Kowa a gidan ya ɗauka alewa take lalube, don kullum yana ajiye mata ɗaya a aljihun ciki. Shi kaɗai ya lura ba ta kaiwa aljihun sai ta gama bin ƙulle-ƙullenta ɗaya bayan ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Irin wannan magana nauyi take yi masa a gaban 'yar cikinsa.

Ana haka ciwon mara ya kayar da shi, likita ya ce sai an yi aiki. An sha daga da shi kafin ya yarda ba a shiga ɗakin tiyata da kwat. Ya miƙa wa Auta ya ce, "Ki rataye shi, kada ki ninke."

Ran da aka sallame shi ta zo da shi a goge cikin leda, tana ta murmushi. Ya zura hannu ɗaya, hannun ya wuce sulub. Ya buɗe. Baƙin shafi ne sabo fil, yana sheƙi, ba faci ko ɗaya.

"Na kai wa telan bakin layi ne, Baba," ta ce. "Ranar da ka tuɓe, ma'aikatan nan suna ta kallon cikinsa suna ƙunshe dariya. Na ce ina raye ba za a yi wa ubana haka ba."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya dubi idonta da ya faɗa saboda zaryar asibiti.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

Da suka isa gida ya zauna bakin gado kamar kullum. Mama ta zura hannu. Yatsun suka hau, suka sauka, suka sake hawa. Sai ta janye hannun ta ja zani ta rufe ƙafa.

"Baiwar Allah, wane ne wannan ya zauna min a gado? Ki ce masa maigidan ba ya nan."

Ya ciro alewa ya sa mata a tafi. Ta ture.

"Ba na cin abin hannun baƙo."

Auta tana tsaye bakin ƙofa da kofin shayi. A nan ta gane abin da ta cire.

Washegari da safe Baba ya fita yana dafe da ciki, ɗinkin likita bai ko bushe ba. Tela na ganinsa ya washe baki.

"Baba, ka ga aiki ko? Ko zare ɗaya ban bari ba. Wanda ya yi maka na da, igiyar shanya ya yi amfani da ita?"

"Ina wanda ka cire?"

"Tsummokaran? Ai tuni motar shara ta yi gaba da su."

Baba ya durƙusa ya fara tona tarin ƙyallayen da ke bayan ƙofa. Dariyar tela ta ɗauke, shi ma ya durƙusa. Suka zazzage buhu, suka ja tebur. Can ƙarƙashin keke suka sami ɗan ƙyalle bai fi tafin hannu ba, shuɗi mai farar fulawa, tela na goge man keke da shi. Guntun zanin goyon ne. A gefensa zaren Mama yana reto, da ƙulli ɗaya.

"Kawo in taka maka shi yanzu," in ji tela a sanyaye.

"Kekenka ya yi nasa."

Shi da kansa ya wanke ƙyallen ya shanya. Auta ta roƙa ya bar ta ta ɗinka da hannu, daidai saitin aljihun ciki.

"Yi manya-manya," ya ce. "Kada ki sake ya yi kyau."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, allura ta soke ta, ta ci gaba.

Ya sa kwat ya shiga ya zauna. Hannun Mama ya zame a santsin shafi har ya ci karo da ƙullin. Ya tsaya cak. Ta murza shi da ɗan yatsa.

"Wannan ɗinkina ne."

Ta jawo gefen kwat ɗin kusa da ita.

"Kwat ɗin Direba ne. Ina ka samo shi? Wa ya lalata masa ciki haka?"

"Ni ne fa, tsohuwa. Ni ne Direban."

"Bawan Allah, ka ji tsoron Allah ka tuɓe. Mutumin nan sammako yake yi, sanyi zai kama masa ƙirji."

Ya tuɓe ya ɗora mata a cinya.

Tun daga ranar kwat ɗin yana wajenta, babban yatsanta a kan ƙullin. Baba na fita da 'yar shat, sai yanzu layin ya gane ashe rabin kafaɗar nan ta kwat ce. Wani cikin matasan ƙofar mai aski ya gwada tsokana, ya ce, "Baba, ina yayan naka kwat?"

"Yana wajen mai shi."

Auta ta ce za ta saya masa wani, ya ce ta bari, ba shi da sauran shekarun da zai saba da sabo.

Yanzu kujera yake ja kusa da ƙofar ɗakin, don gado ba wurin baƙo ba ne. Takan juyo ta ce, "Bawan Allah, ka ga Direba a tasha?"

"Na gan shi. Yana hanya."

"Ka ce ya bi a hankali. Ya fita ba kwat."

"Zan gaya masa."

In gyangyaɗin rana ya ɗauke ta, sai ya lallaɓa ya jefa alewa a aljihun ciki ya koma kujerarsa. Ta farka ta laluba ta samu, sai ta yi tsaki.

"Ka gani ko? Ya zo ina barci. Kai kuma kana zaune ba ka tashe ni ba."