Abin da Na Ƙara a Saƙon Hajiya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hajiya, shekara ashirin da ɗoriya. Ita Musulma, ni Kirista, kuma ba mu taɓa zama mun yi gardamar addini ba. Ranar Sallah namanta yana shigowa gidana, ranar Kirsimeti shinkafata tana shiga nata, da kazar da nake sa mijinta ya yanka mini don su iya ci. Ni na karɓi haihuwar ɗanta na fari ina unguwarzoma a asibitin garinmu, shi ya sa har ya yi gemu Mama yake ce mini. In za ta yi tafiya, a wurina take barin mabuɗin ɗakinta. Wannan yardar na ɗauka na kai Masar na yi wasa da ita.

A shekarar 2012 ikilisiyarmu ta haɗa mutum shida don tafiyar bishara ta mako biyu zuwa Alƙahira, mu yi magana da ɗaliban jami'a. An sa ni a ciki saboda Hausa, don an ce akwai ɗalibanmu da yawa a can, kuma saboda kowa ya san bakina ba ya mutuwa. Ban ɓoye wa Hajiya tafiyar ba, amma ban gaya mata duka ba. Na ce mata ziyarar coci ce. Ita ko a jikinta, abin da ta ji kawai shi ne zan je garin da ɗanta yake karatun addini shekara huɗu ba ta sa shi a ido ba.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a tafiya irin wannan hannu sake. Kwana uku Hajiya tana daka. Ta kawo ƙaramin buhu cike da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da dambun nama, ta ɗaure bakinsa da tsumman atamfa, ɗauri ɗaya. Na ce mata ta kawo allura mu ɗinke shi yadda ake yi wa saƙo. Ta yi dariya ta ture hannuna.

"Haba Sista, ke ce fa za ki kai. Ɗinkin me?"

Mun sauka a wani gida a Hadayek el-Maadi, unguwar da baƙaƙen fata 'yan gudun hijira suka yi yawa. Tun ranar farko shugaban tafiyarmu, wani matashin fasto da na girme shi nesa ba kusa ba, ya zaunar da mu ya karanta mana dokoki. Kada mu ambaci bishara a waya. In an tambaye mu, yawon buɗe ido muka zo. Kada mu fita da littafi sama da ɗaya a jaka. Ya ce garin bai gama lafawa daga hargitsin juyin juya halin bara ba, kowane baƙo kallon ɗan leƙen asiri ake yi masa. Ni ban saba da ƙumbiya-ƙumbiya ba, na kuma faɗa masa haka. Amma kafin kwana uku abin ya kama ni. Mai gadin gidanmu in ya gaishe ni sai in ce ƙirga mu yake yi. Mai sayar da burodi ya tambaye ni ƙasarmu, na ce a raina wa ya aiko shi. Har 'yan tafiyarmu na fara auna maganata a gabansu.

Da fasto ya ji labarin buhun Hajiya sai idonsa ya kawo haske. Ya ce ƙofa ce Ubangiji ya buɗe, su kwana huɗu suna zaman shan shayi kusa da jami'a ba wanda ya gayyace su gida, ni kuwa ga shi zan shiga har ɗaki. Ya ba ni ɗan littafin bishara na Hausa, mai baƙin bango da gicciye a jiki, ya ce in miƙa wa yaron in na ga fuska. Bai ce in yi abin da na yi ba, wannan ba zan ɗora masa ba.

Da safen ranar da zan je, na zauna da littafin a hannu na rasa yadda zan yi. Ni da likitoci ke kauce wa bakina, sai ga ni ina tsoron yaron da na yanke wa cibiya. Ina son ya karanta, wallahi da zuciya ɗaya nake so, don abin da na gaskata ke nan har yau. Amma na kasa hango kaina ina miƙa masa yana kallona. Sai na kwance tsumman nan, na tura littafin tsakanin kuka da daddawa, na mayar da ɗaurin yadda yake. Lissafina shi ne zai kai buhun ɗakinsa, ya buɗe shi kaɗai bayan na tafi.

Ɗan Hajiya ya zo ya ɗauke ni a tashar jirgin ƙasa na metro, muka hau ƙaramar bas zuwa unguwarsu, Madinat Nasr. Ya rame, ya yi tsawo, Hausarsa duk ta cika da Larabci. Su biyar ne a gidan, hawa na huɗu, tukunyarsu ɗaya. Babbansu wani ɗan Nijar ne mai ƙarancin magana, wanda tun da na shiga yake kallon ɗankwalina, yana kallon wuyana inda na cire sarƙar gicciyena tun a jirgi. Suka shimfiɗa mini darduma, suka kawo shayi, suna ta ce mini Hajiya sannu da hanya. Yaron ya gyara musu, ya ce Mama ce, maƙwabciyarsu, Kirista ce, a hannunta aka haife shi. Suka ce tamam, ba komai. Ɗan Nijar ɗin ne kawai ya tambayi abin da ya kawo ni Masar. Na ce yawon buɗe ido, sai ya gyaɗa kai.

Abin da ban sani ba shi ne a gidan ɗalibai saƙon gida ba na mutum ɗaya ba ne. Tsakiyar ɗaki ake ajiye shi, kowa ya zo ya gani, don cikin kowa zai shiga. Ina zaune yaron ya jawo buhun ya kwance. Suka kewaye shi suna shinshina daddawa, wani ya riga ya kai dambu baki. Ɗan Nijar ɗin ya zura hannu zai ɗago kuka, sai ya fito da littafin, duk garin kuka a bangonsa.

Ya hure shi, ya karanta bangon, ya juya shi kowa ya ga gicciyen. Dariyar ta ɗauke.

"Wannan ma daga wurin mahaifiyarka yake?"

Yaron ya kalli littafin, ya kalli tsumman atamfar uwarsa da ke hannunsa. Bai kalle ni ba. Ya ce mahaifiyarsa ba ta karatun boko. Na ga yadda sauran suka fara satar kallonsa, kamar yau suka fara ganinsa. Da na yi shiru, da sunan Hajiya zancen zai zauna a gidan nan. Na daɗe kafin in buɗe baki, kuma wannan daɗewar har yau tana ba ni kunya.

"Ni na sa. Ba ta sani ba."

Daga nan tambayoyi suka taso, a hankali, ba mai ɗaga murya. Mu nawa ne, wa ya turo mu, wa ya san na zo gidan, ko na rubuta sunayensu a wani wuri. Wani ya je ya leƙa ta taga. Ɗan Nijar ɗin ya zazzage buhun gaba ɗaya a kan tabarma, ya buɗe kowace leda ɗaya bayan ɗaya, har yajin ya tona da cokali. Raina ya ɓaci, na ce ni ba 'yar leƙen asirin kowa ba ce, uwa ce. Ya ce bai musa ba, amma ɗazu ma na ce yawon buɗe ido na zo.

Yaron ya raka ni tashar mota, littafin a naɗe cikin takarda. Muka yi nisa. Sai ya miƙo mini shi da hannu biyu.

"Mama, da a hannu kika ba ni, da na karɓa na ce na gode, ko ban karanta ba. Amma da sunan uwata kika kawo shi."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ma'alish, ya wuce. Na tambaye shi ko zai gaya mata, ya yi kamar bai ji ba, ya tsayar mini da mota.

Ana gobe za mu taso ya aiko da saƙon uwarsa ta hannun wani. Kwali ne, an naɗe shi da salatif ta kowace kusurwa, ko allura ba za ta shiga ba. Tun daga Alƙahira har gida ina zargin kwalin nan. Na jijjiga shi, na auna nauyinsa, na tabbatar wa kaina akwai wasiƙa a ciki. Sau biyu na ɗauki reza na ajiye.

A gabana Hajiya ta buɗe. Man zaitun ne, da habbatus sauda, da dogayen riguna biyu, ɗaya tata ɗaya tawa. Ba wasiƙa. Ta ce sun yi waya, ya ce komai ya iso lafiya, ba abin da ya ragu. Ta dafa gwiwata tana sa mini albarka, tana cewa ai ta gaya wa kowa, amana in ta shiga hannun Sista sai a kwanta a yi barci. Ashe yaron ya rufa mini asiri. Da ya tona ni, da na san yadda zan kare kaina, amma yabon nan na kasa haɗiye shi. Na gaya mata komai, tun daga kwance tsumman.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke rigar da ke cinyarta, ta sake ninkewa, ta tambaye ni ko abokansa sun gani. Na ce sun gani. Ta ce to, ta miƙo mini rigata, ta ce in gaida yara.

Da Sallah ta zo namanta ya shigo kamar kullum, da Kirsimeti ta karɓi shinkafata ta yi godiya. Na fara cewa a raina abin ya wuce. Bayan wata bakwai na tashi zuwa Zariya, inda 'yarta take aure, na leƙa na ce ko akwai saƙo. Ta ce akwai, in jira. Ta fito da ƙaramin buhu ta ajiye a gabana, ta koma ta ɗauko allura da zare mai kauri. Ta zauna a kan tabarma tana tambayata lafiyar ƙafata, tana ɗinke bakin buhun daga wannan gefe zuwa wancan. Ni na riƙe mata shi har ta gama.