Iya Saude da Hankalin Kubra

Iya Saude ta fara sayar da shinkafa da wake a bakin gonakin Kadawa bayan rasuwar mijinta, lokacin da ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani kamar damina, 'yan ƙwadago suka cika karkarar. Ba ta yi boko ba, amma mace ce mai lura. Jikarta Kubra tana hannunta tun daga yaye.

Idan suna tsintar wake, Iya takan sa yarinyar ta rufe ido, ta faɗi irin da za ta ɗauko daga ƙwarya, fari ko ja. Farin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Tana shekara huɗu, kullum ja take cewa, don shi take so. In fari ya fito sai ta tura baki, ta ce waken ne ba ya jin magana. Da ta kai bakwai sai ta sake dabara: in fari ya yi ta fitowa a jere, sai ta dage cewa yanzu dole ja ya fito, ai shi ma ya daɗe yana jira. Iya takan yi dariya, amma tana ajiye abin a ranta.

Wajen 1987 Kubra ta kai sha ɗaya. Wata safiya Iya ta tsaya tana tunanin wace tukunya za ta ɗora, babba ko ƙarama, don ranar kasuwar Kura ce. Kubra ta ce a ɗora ƙaramar, domin ta lura ranar kasuwa yawanci leburori can suke tafiya.

"Ban ce tabbas ba, Iya. Amma an fi samun haka."

Iya ta bi shawararta. Ranar kuwa motocin tumatir suka shigo ba zato, masu lodi suka yi dafifi, abinci ya ƙare tun kafin azahar. Iya ta ɗauka yarinyar za ta yi kuka, ko ta ɗora laifin a kan direbobi. Suna wanke kwanuka sai Kubra ta ce in irin ranar ta sake zagayowa, ƙaramar dai za ta zaɓa, don rana ɗaya da ta saɓa ba ta goge sauran ranakun ba.

Iya ta tsaya da soso a hannu, tana kallonta har kumfa ta bushe.

Bayan la'asar ta ba maƙwabciyarta Talatu labari. Ta ce ta ga haƙori ya tsiro, ta ga rarrafe ya zama tafiya, amma ba ta taɓa sanin hankali ma a gaban idon mutum yake girma ba. Talatu ta ce ƙila a makaranta aka koya mata.

"Ƙila," in ji Iya a hankali. "Amma ni dai ikon Allah na gani, Talatu."

Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora tukunya ba sai ta ji ta bakin Kubra, har yarinyar ta tafi makarantar kwana.